Na rubuta awon da ban yi wa Innata ba

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin, don girman Allah ki ɓoye sunana, ko harafin farko kada ki saka, Sakkwato ba ta da girma in ana maganar ma'aikatan asibiti, da an ga 'yar alama an gano ni. Don Allah shawararku nake nema, ku ba ni tsakani da Allah, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Wata huɗu ke nan abin yana cina, ban faɗa wa ko mutum ɗaya ba, kuma ranar Litinin ɗin nan dole in yanke magana.

Ni nas ce, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a sashen gaggawa, wato emajansi, na wani asibiti a cikin gari. Shekara uku ke nan ina wurin, kuma ni na roƙa aka kai ni, alhali kowa gudun wurin yake yi. Yawanci a teburin bakin ƙofa ake ajiye ni, inda ake tantance marasa lafiya. Aikin shi ne duk wanda aka kawo, in tambaye shi abin da ke damunsa, in auna jininsa da bugun zuciyarsa da numfashinsa, in rubuta a takarda, sannan in ba shi kati. Jan kati na wanda ransa ke hannun Allah ne, a shiga da shi yanzu. Mai ruwan ɗorawa ya ɗan jira. Kore kuwa ya zauna a benci har a gama da sauran. Ba ruwan kati da wanda ya riga zuwa, ba ruwansa da rawani ko babbar riga. An san ni da kafiya a teburin nan, na taɓa sa wani Alhaji jira saboda ɗan kabu-kabu, ya ce zai kira wane da wane, na ce ga caja can a bango in wayarsa ba caji. Ba yabon kai ba, bakina ba ya mutuwa a wurin aiki. Kullum abin da nake faɗa wa mata masu noƙe-noƙe shi ne ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

To ni 'yar fari ce a wurin mahaifiyata. Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da nake nufi. Inna, haka muke kiranta, mutuniyar Wamakko ce, irin matan da ɗin nan masu tsananin kara. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga Goggo Ige, yayar babana, a Tudun Wada, a hannunta na girma. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "ɗiyar Ige". Ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba in ba amsa gaisuwa ba, ita ma ɗin tana kallon wani wuri. In na je Wamakko da Sallah, sai ta sa ƙanwata Luba ta kawo mini fura, in ci in tashi, ta sa a biyo ni da ƙullin daddawa da kuka har bakin titi. Na san tana sona, don furar nan tawa kullum ta fi ta kowa nono. Amma ban san ɗumin hannunta ba, ban taɓa ganin kanta ba ɗankwali ba, kuma ni ma haka na tashi, in na gan ta jikina ya mutu, harshena ya yi nauyi. Ban taɓa ɗaukar abin da wani aibu ba, kowa ma yabawa yake yi, a ce kai, wance akwai kunya.

Goggo Ige ce uwar da na sani. Ita ta tsaya na yi makarantar nas bayan rasuwar babana, lokacin da dangi ke cewa karatun ya isa haka. A shekarata ta ƙarshe a makarantar numfashinta ya sarƙe da rana tsaka, muka sa ta a keke napep muka kai ta wani asibiti, muka tsaya a baranda ana ta kai da kawo ba wanda ya san wa za a fara dubawa, har ta cika a kan cinyata. Tun ranar na ce in Allah Ya yarda sai na zama wadda ake samu a bakin ƙofa. Har yanzu a ɗakinta nake zaune, ɗanta da matarsa suna can ɓangarensu, ba sa takura mini amma ba ma hira. In na dawo aiki in ɗumama abin da ya samu in ci ni kaɗai. Ƙawayen makaranta duk sun yi aure, samari biyu sun zo sun gudu da suka ji ba ni da Asabar ba ni da Lahadi. Aikin nan shi ne abokin hirata, shi ne dangina, in aka raba ni da shi ban san abin da ya rage ba.

Ranar da abin ya faru wata Laraba ce cikin zafin bazara, bayan la'asar. Ni kaɗai ce a tebur, abokiyar aikina ta je salla. Ina ɗaga kai sai ga Luba riƙe da wata mata ta duƙa, ta ja hijabi har kan hanci. Tun daga tafiyar na gane ta. Luba ta ce, "Yaya, Inna ta. Cikinta ka ciwo tun shekaranjiya, ta hana a hwaɗi ma kowa, yau dai Bello yac ce sai an kawo ta." Bello ƙanena ne, mai bi na, yana sayar da hatsi a kasuwa. Na miƙe na gaishe da Inna, ta amsa tana kallon bango. Na zaunar da ita a kujerar awo, na tura Luba ta je ta yanki kati.

Jama'a, wannan ne karo na farko a rayuwata da aka bar ni da uwata mu biyu, ba na uku. Abin awon jini yana hannuna. Abin da ya rage kawai in ce, Inna miƙo hannu, in ɗage hijabin, in ɗaura mata a damtse, in sa hannu in latsa cikin. Abin da nake yi wa mutane tun safe har yamma ba ko tunani. Wallahi na buɗe baki ya fi sau uku maganar ta ƙi fita. Ita kuma ta ƙara dunƙule hannayenta cikin hijabi, ta juya mini kafaɗa, kamar mai roƙo kada in taɓa ta. Na tambayi iska, ba ita ba, na ce ko olsar nan ce ta tashi, don na san tana da ita. Ta ɗaga kai kaɗan alamar eh. Shi ke nan duk binciken da na yi wa matar da ta haife ni. Ashe gaskiya ne wanzami ba ya son jarfa.

Ina nan tsaye riƙe da abin awo kamar wata sakarya, sai ga ihu daga waje, keke da mota sun yi karo, an shigo da mutum huɗu jina-jina. Kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Na ji kamar an sauke mini kaya daga ka. Na ja takardar Inna, wurin awon jini da bugun zuciya na cike shi da lambobin mai lafiya, na rubuta olsa, na ba ta koren kati, na ce wa Luba da ta dawo su zauna a benci ina zuwa. A raina cewa nake abokiyar aikina na dawowa zan sa ta auna ta a gyara takardar. Da ta dawo ita ma kan masu haɗarin ta faɗa, ni kuma na manta. A'a, kada in yi muku ƙarya ku ma, ban manta ba. Duk sanda na gifta ina hango Inna a benci ta haɗa kai da gwiwa, ina cewa bari in gama da wannan.

Kusan awa biyu tana zaune. Dab da magariba Luba ta ƙwalla ƙara, Inna ta zame daga benci ta faɗi. Da aka ɗora ta a gado likita ya taɓa cikin ya ji shi tauri kamar katako, jininta ya yi ƙasa sosai. Olsar ce ta ci har ta ɓula. Aka wuce da ita tiyata kai tsaye. Allah cikin ikonSa ta rayu, amma ta yi kwana goma sha tara a kwance, wurin ɗinkin ya yi ruwa, har yau ba ta iya daka, ba ta iya ɗaukar tulu, matar da ba ta taɓa zama ba. Likitan da ya yi aikin ya ce da an shiga da wuri da wahalar ba ta kai haka ba. Sai ya ɗauki takardata ya duba, ya ce amma da irin wannan awo ba wanda zai gane, wani lokaci haka jiki ke rikicewa farat ɗaya, kada in zargi kaina. Har da dafa mini tebur yana ba ni haƙuri. Na ce na gode.

Daga nan rayuwata ta rabu biyu, kuma duka ɓangarorin ba wanda ya san gaskiya. A gida ni ce marar imani, wadda boko ya busar wa zuciya, ta bar uwarta a benci tana hidimar bare. Bello ya kira ni ya wanke ni tas, ya ce da ma ba a hannun Inna na tashi ba shi ya sa ban san zafinta ba, ya ce ko maƙiyi aka kawo mini ai na yi masa kara. Ni kuma da zafin kaina na ce masa ya je ya auna gero ya bar mini aikin da bai sani ba, maganar da har yau nake da-na-sanin ta. Kawunnanmu suka daina amsa wayata. An yi sunan ɗiyar Luba ba a gaya mini ba, a hoton wata 'yar uwa na gani. Lokacin jinya kuwa, in na shiga ɗakin da take kwance kowa ya yi shiru, sai in duba ƙarin ruwan in gyara abin da bai lalace ba in fita.

A wurin aiki kuma na zama tauraruwa. Labari ya zaga cewa an kawo uwar wance amma ba ta tsallake layi da ita ba, ta bi ƙa'ida ta fara da masu haɗari. Metiron, shugabar nas-nas ɗinmu, mace ce mai tsanani da ba ta iya yabo ba, amma ta kira ni ofis ta ce shekara da shekaru tana faɗa da masu shigo da danginsu ta bayan fage, yau ta ga wadda ta gane aikin. Duk sanda wani ya ce mini sannu da ƙoƙari sai in ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na rage zama a ɗakin hutu, abincina a bayan sito nake ci. Na rame har ana tambaya ko azumi nake.

Ana cikin haka aka ba asibitinmu gurbi ɗaya tak na karatun ƙwarewa a aikin gaggawa, shekara guda a wani gari, da hutun karatu. Wannan karatun shi nake roƙon Allah tun ranar da Goggo ta rasu, sau biyu ina nema ban samu ba. Mu biyu muka nema bana, ni da wata da ta girme ni a aiki da shekara huɗu, mai kirki, ba ta taɓa yi mini komai ba. Metiron ta zaɓe ni, kuma a takardar shaidar da ta rubuta mini, labarin Inna ne a sakin layi na farko. Ta karanta mini da bakinta. Ta ce ranar Litinin in zo in sa hannu, kuma da yake sababbin ɗalibai sun zo koyon aiki, tana so in tsaya gabansu in ba su labarin yadda na yi ranar, su koyi darasi. Ni fa, in tsaya in koyar da yara abin da ban yi ba.

Na so in faɗa mata a take, amma na san abin da zai biyo baya. Rubuta awon da ba ka yi ba ba ƙaramin laifi ba ne a aikinmu, ba maganar a ja maka kunne ba ce. Kwamiti za a kafa, gurbin ya tafi, a cire ni daga emajansi, wataƙila ma har lasisina ya taɓu. Kuma me zan ce musu? Kunya ce ta hana ni? Waɗanda ba su tashi a irin gidanmu ba dariya za su yi, waɗanda suka tashi a ciki kuma za su gane, amma ganewa ba ta goge abin da na rubuta. Duk da haka na fara karkata ga faɗin gaskiya, don na gaji, ko salla na tayar takardar nan nake gani.

Sai ranar Juma'ar da ta wuce Luba ta kira ni a ɓoye, ta ce in zo Wamakko da sauri, Bello ya ce gobe zai je wurin shugaban asibiti ya kai ƙarata. Ashe sun yi ta tisa maganar, Luba ta ce ita dai ba ta ga na auna Inna ba, wani abokinsa ma'aikacin lafiya kuma ya gaya masa ba yadda za a yi mai irin wannan ciwo a auna ta a ce lafiya lau. Na hau mota na tafi. Wallahi a hanya har wani sanyi na ji, na ce gara ma ya tona ni in huta. Na same su a tsakar gida, Inna tana kan tabarma an jingina ta da filo, Bello yana tsaye yana ta faɗa, da ya gan ni ya ƙara. Ya ce in rantse a gaban kowa na auna ta. Na sunkuyar da kai, na riga na shirya in ce ban auna ba.

Inna ce ta riga ni. Ba ta kalle ni ba, shi ta kalla. Ta ce, "Bello, zamna. Ta auna ni. Sa'ad da Luba tat tahi yankan kati tad ɗaura min abin ga a hannu, tat tambaye ni, ni na ɓoye mata ciwon. Kowa yat tahi asibitin ga da maganag ga, ban yahe mai ba." Inna mace ce da ko a wasa ba a taɓa kama ta da ƙarya ba, a unguwarsu in an rasa mai shaida ita ake kira. Bello ya zauna a kan turmi, can ya ce to shi ke nan tunda ita ta faɗa, har ya ce mini in yi haƙuri, a daƙile dai. Na yi sallama na fito, tun daga Wamakko har Tudun Wada ina kuka a mota, wata tsohuwa kusa da ni tana ta yi mini ta'aziyya, ta ɗauka rasuwa aka yi mini.

Yanzu ku duba inda na tsaya. Da can ni kaɗai na san abin da ya faru a teburin nan, ko in ce haka nake zato, ashe mu biyu ne, kuma ta biyun ta zaɓi ta rufa mini asiri da mutuncinta. Ba zan iya zuwa in tambaye ta me take so in yi ba, ba mu da wannan hanyar ni da ita, kuma ba zan iya aika Luba da irin wannan saƙo ba. In na yi shiru, zan tafi karatun da na fi so a duniya, in dawo in yi wa mutane amfani, kuma Allah Ya sani tun ranar ban sake rubuta ko ɗigo ban auna ba. Amma zan tafi a kan gurbin wata, da shaidar da ba tawa ba, kuma in fara da yi wa ɗalibai ƙarya ido da ido. In kuma na faɗa, ba aikina kaɗai zai tafi ba. Magana ba ta ɓuya a garin nan, cikin kwana biyu za ta isa kunnen Bello, ya san uwarsa ta dube shi ta yi masa ƙarya har da barazanar rashin yafiya, saboda ni.

Na yi tunanin in janye kawai in ce ba na son karatun, a ba waccan, amma Metiron ba ta karɓar magana ba dalili, sai ta tono. Na yi istihara, zuciyata ba ta zauna a ko'ina ba. Da Goggo tana raye da ban kawo muku wannan magana ba.

Don Allah, musamman ma'aikatan lafiya da ke cikin zauren nan, da iyaye mata masu 'ya'yan fari, da malamai, ku gaya mini. Litinin da safe Metiron na jirana da biro da ɗalibanta. In sa hannu in yi shiru, ko in faɗa mata abin da na rubuta? Kada ku tausaya mini, tausayi ba shi nake nema ba, abin da za ku yi in ku ne nake so in ji. Shekara ashirin da bakwai, abu ɗaya tak uwata ta taɓa ba ni da bakinta, shi ne wannan ƙaryar. In mayar mata?